Wane littafin poka ya kamata ka saya in ka wuce matakin ɗan koyo?

Wanda ya kai tsaka-tsaki a poka shi ya fi kowa shan wahalar zaɓen littafi. Na 'yan koyo ya masa kaɗan, zai buɗe ya tarar ana gaya masa wai kuler (kati biyar masu alama ɗaya) ta fi kent (kati biyar a jere), kent ta fi birelan (kati uku masu lamba ɗaya), abin da ya haddace tun tuni, in kuma ya ɗauko na manya shafi uku zai yi kansa ya ɗau zafi ya ajiye. Ga littattafan nan ba arha ba, kuma a Garwa ko Marwa ba wai shiga libreri zaka yi ka ɗauko ba, sai ka yi saƙo ko ka saya ta waya, to ka ga in ka saya ba daidai ba asarar ta zama biyu, kuɗi da jira.

Wanda nake nufi da ɗan tsaka-tsaki shi ne mutumin da ya daina shiga kowane hannu, ya san zama a buto, kujerar mai rabon kati da ke yin wasa a ƙarshe, ya fi zama a bilayin, kujeru biyun da ake sa jeto dole kafin a ga kati, kuma wannan lissafin baya ba shi tsoro: akwai jeto, ƙwayoyin da ake wasa da su, 3,000 a tsakiya, abokin wasa ya sa 1,500, kai zaka sa 1,500 dan ka ci 4,500, kenan kana buƙatar ka yi nasara sau ɗaya cikin huɗu, kashi 25 cikin ɗari. Kana jiran kuler da kati 9 da zasu cika maka, saura kati ɗaya a buɗe, damarka bata kai kashi 20 ba, to ajiyewa zaka yi sai dai in kana da tabbacin zai ƙara biyanka in ta shigo. In wannan ya zauna maka daram amma har yanzu a katin ƙarshe kana bi ko kana ajiyewa ne da "jikina ya bani", kai nake wa magana.

Kafin wani ya ce min malam wannan ai caca ce, na sani, kuma hukuncin caca a addini ba ɓoyayye bane. Mu inda muke bugawa jeton roba ne, ana rubuta maki a kaye, wanda ya zo ƙarshe shi zai dafa shayi, wasu kuma a waya suke yi da jeton banza na aplikasiyo. Mai sa kuɗinsa wannan tsakaninsa da Allah ne, amma ko shi ya sani babu littafin da zai mayar da ita sana'a haka kawai, gidan wasa yana yankar kasonsa a tsakiya kusan kowane hannu, kuma mafi yawan masu sa kuɗi ƙasa suke yi. Ni lissafin da karatun mutane ne suka riƙe ni, irin abin da ke riƙe mutum a dara ko belot.

Abu na farko da zaka duba a jikin littafin poka shi ne shekarar da aka buga shi, kuma layin yana wajen 2015. A shekarar ne PioSolver ya fito, manhajar da zaka ba ta jerin hannayen mutum biyu da girman jetonsu ta zauna ta lissafa maka wasan da ba a iya cuta. Bayan shekara biyu, a 2017, wata kwamfuta mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta buga hannu 120,000 da ƙwararru huɗu a Pittsburgh ta lallasa su, a 2019 kuma Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida. Daga nan magana ta canza. Littattafan da suka riga wannan zamani suna gaya maka abin da gwani ya gani da idonsa ya yarda da shi, na bayansa suna gaya maka abin da injin ya fitar. Mutane da yawa sai suka ɗauka tsofaffin sun zama shara, sabbin kuma dole ne, ni ban yarda ba sam, dan mutanen da kake zama da su a tebur ba injin bane, Alhaji wane da baya ajiye as komai ƙanƙantar katin da ke gefensa bai san ma an yi wani PioSolver ba.

Tsofaffin guda biyu da kowa ke ambata, Super/System na Doyle Brunson da The Theory of Poker na David Sklansky, ba matsayinsu ɗaya ba. Brunson ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1976 da 1977, duka biyun da 10 da 2 a hannu, ya fitar da littafin a ƙarshen shekarun 1970 ana sayar da shi dalar Amurka 100, ya rasu a 2023. Littafin tarihi ne mai daɗi, kuma darasinsa na cewa mai matsawa shi ke kwashe ƙananan tsakiya har gobe gaskiya ne, amma fiye da rabinsa wasanni ne da bazaka taɓa samun mai buga su a nan ba, ka bar shi sai ka samu aro. Sklansky daban ne. Shi ma misalansa na tsofaffin wasanni ne masu iyakar sa jeto, rubutun kuma a bushe yake, amma abin da ke ciki baya tsufa: duk lokacin da ka buga hannu ba yadda zaka buga ba da a ce kana ganin katin abokinka, shi ya ci riba, duk lokacin da shi ya yi haka kai ka ci. Daga wannan tushen yake fitar da dalilin bulof, wato sa jeto ba kaya a hannu dan abokinka ya ajiye, da rabin bulof, wanda ake yi da hannun da zai iya cika nan gaba, da kuɗin da kake sa ran ci nan gaba in katinka ya shigo, da haɗarin ba mutum kati kyauta. In ka taɓa yin cek, wato ka wuce baka sa jeto ba, da babban hannu dan wayo sai katin gaba ya kashe ka, babin kati kyauta naka ne. Matsalarsa ɗaya, zai baka dalili amma bazai gaya maka me zaka yi da as da dam a kujera ta uku ba.

Harrington on Hold'em shi ne wanda na fi son a yi masa adalci. Dan Harrington ya ci gasar duniya a 1995, sannan ya kai teburin ƙarshe a 2003 da 2004 a jere, na uku da na huɗu, a daidai lokacin da jama'a suka yi ca a kan wasan bayan Chris Moneymaker, akanta ne kawai da ya samu kujera ta intanet, ya ci dala miliyan 2.5 a 2003. Harrington da Bill Robertie suka rubuta, juzu'i na ɗaya 2004, na biyu 2005, na uku 2006 wanda duk atisaye ne. Ta fuskar iya koyarwa har yau ban ga wanda ya kama ƙafarsu ba, zasu zana maka tebur, ga jeton kowa, ga halin kowa, ga katinka, me zaka yi? sai ka amsa sannan su bi da kai mataki mataki. Amma juzu'i na ɗaya ya tsufa gaskiya, yana sa ka matse hannu da yawa, yana buɗewa da ninki uku zuwa sama na babban bilayin alhali 'yan turnuwa na yanzu ninki biyu da ɗan wani abu suke yi, kuma sau da yawa yana ɗora abokin wasa a kan hannu biyu ko uku maimakon dukkan jerin da zai iya riƙewa.

Na biyun ne zinariya, saboda lambar M. Ka raba jetonka da abin da zagaye ɗaya na tebur ke ci maka. Misali bilayin 200 da 400, ante 50, wato ɗan jeton da kowa ke sawa a kowane hannu, ku takwas ne, zagaye ɗaya 1,000 kenan, kai kuma kana da 5,000, to M ɗinka 5, zagaye biyar ya rage maka in ka naɗe hannu kana jiran as biyu. Ya raba abin kala kala, sama da 20 kore ne ka yi wasanka yadda kake so, 10 zuwa 20 ruwan ɗorawa, ƙasa da haka ruwan lemo, 5 zuwa ƙasa ja, inda babu sauran wata ƙaramar ɗagawa, ko tapi, wato tura jetonka duka, ko ajiyewa, kuma gara kai ka fara shiga da a ce wani ya riga ka. Duk wanda ke buga ƙaramar turnuwa ta abokai inda ake ƙara bilayin kowane minti 15 dan a tashi kafin dare ya raba, rabin wasansa a ja da ruwan lemo yake yinsa bai sani ba, zaka ga mutum ya zauna yana ta jira har jetonsa ya koma bilayin biyu sannan ya yi tapi kowa ya bi shi yana dariya. Masu wasan yanzu da yawan babban bilayin suke ƙirga ba da M ba, amma tunanin ɗaya ne, kuma Harrington ya fi saurin shigar da shi kai.

In turnuwa ce abinka kuma ka riga ka gama da wancan, na gaba shi ne na Dara O'Kearney da Barry Carter, Endgame Poker Strategy na 2021, wanda ya tsaya a kan ICM kawai, wato yadda darajar jeto ke canzawa in an kusa shiga rabon kyauta. Jeton da ka rasa ya fi wanda ka ci zafi, shi ya sa hannun da zaka bi tapi da shi a farkon wasa zaka ajiye shi in saura mutum ɗaya a fita. Rubutunsu mai sauƙi ne, ba su cika lissafi ba. Amma fa bashi da amfani ko kaɗan ga wanda ba turnuwa yake yi ba.

Ga masu wasan zama, wanda bilayin baya hawa, zaɓin yana tsakanin The Course na Ed Miller, 2015, da The Grinder's Manual na Peter Clarke, 2016, kuma abin da zai raba maka gardama shi ne ina kake bugawa. Miller ya rubuta ne dan teburin ido da ido na Amurka, ƙananan tebura inda mutane ke shiga hannu barkatai, biyar shida su ga fulof, kati ukun farko da ake buɗewa a ƙasa, tare, kuma basa bulof da manyan jeto. Wallahi kamar ya zo majalisarmu ya zauna ya rubuta. Ya tsara shi fasaha fasaha, ta farko tsarin hannayen buɗewa mai sauƙi, ta biyu kuma ita kaɗai ta biya kuɗin littafin: ka daina biyan mutane. In mutumin da tun magariba yake bi kawai baya ɗagawa ya zo katin ƙarshe ya tura rabin jetonsa, yana da shi, ajiye fer ɗinka, wato kati biyu masu lamba ɗaya, komai kyanta, kar ka ce bari in gani. Daga baya yake shiga yadda zaka ci gaba da harbi a kati na huɗu da na biyar, da karanta yanayin katin da ke ƙasa. Gajere ne in an gwada da sauran, Turancinsa kuma bashi da nauyi.

Clarke kuma na intanet ne, tebur mai mutum shida, inda abokan wasa suka fi matsewa suka fi ɗagawa. Katon littafi ne mai tsari irin na makaranta, yana bi da kai daga buɗewa, zuwa ci gaba da sa jeto a fulof, zuwa ɗaga kan wanda ya ɗaga, da ƙirga yawan haɗuwar kati, misali as da sarki hanya 16 ake iya riƙe su, fer kowace hanya 6, in as ɗaya na ƙasa ɗaya na hannunka lissafin ya ragu sosai. Ya fi Miller zurfi nesa ba kusa ba, amma yana ɗauka kana da kwamfuta da manhajar da ke tara maka alƙaluman abokan wasa, mu kuwa da rezo ke ɗaukewa ana tsakiyar hannu, wuta ma haka, wannan ɓangaren sai dai ka karanta ka wuce. In da mutane kake zama Miller, in a allo kake Clarke, kar ka sayi biyun lokaci ɗaya dan zasu ja ka gabas da yamma.

Yanzu ga inda mutane suka fi ɓarnar kuɗi, littattafan GTO, wasan daidaito. Uku ake ta ambata: Applications of No-Limit Hold'em na Matthew Janda, 2013, Modern Poker Theory na Michael Acevedo, 2019, da Play Optimal Poker na Andrew Brokos, shi ma 2019, da na biyunsa a 2020. Kusan kowa Acevedo yake fara nema saboda shi ya fi suna ya fi kauri, kuma a ganina shi ne bai kamata ɗan tsaka-tsaki ya fara da shi ba.

Brokos baya fara maka da kati 52. Yana rage wasan ne har ya zama ɗan mitsitsi yadda zaka ga ƙashinsa. Ga irin abin: kati uku ne kawai, as, sarki, dam. Kai kullum sarki ne a hannunka, ni kuma rabin lokaci as rabin lokaci dam, akwai 1,000 a tsakiya, ina da damar in sa 1,000 ko in yi cek. In da as kaɗai nake sawa zaka gane ka riƙa ajiyewa, ban ci komai ba ƙari. In kullum nake sawa har da dam duka zaka riƙa bi kullum. To ina daidai? Kai kana sa 1,000 ne dan ka ci 2,000, kana buƙatar nasara sau ɗaya cikin uku, dan haka ni zan sa da as ɗina duka da rabin dam ɗina, ya zama cikin duk sawa uku ɗaya bulof ne, a nan ko ka bi ko ka ajiye duk ɗaya ne a wajenka. Kai ma haka, ni ina kasadar 1,000 dan in ci 1,000, to sai ka bi rabin lokaci, bulof ɗina ya zama ba riba ba asara. Shikenan, wannan ɗan wasan shi ne zuciyar abin da injin ke yi, sauran duk faɗaɗawa ne. Abin da ya sa na fifita Brokos kuma shi ne baya tsayawa a nan, yana tambayarka to in abokinka baya bin rabin lokaci fa, in kullum bi yake? sai ka daina bulof kwata-kwata ka riƙa sawa da kaya kawai. In kullum ajiyewa yake sai ka bulof da dam duka. Wato daidaiton ma'auni ne da zaka gane ta ina mutum ya karkace ka bi ta nan ka ci shi, kuma wannan kai tsaye zaka ɗauka ka kai tebur ran Asabar. Yana da tambayoyi da ya kamata ka amsa kafin ka juya shafi, ka samu biro da kaye, in ka karanta shi a kwance kamar labari ka yi asarar kuɗinka. Rauninsa, bazai baka jadawalin hannayen buɗewa na kowace kujera ba, wanda ke son a ce masa yi kaza da kaza zai ji kamar ana ja masa rai.

Janda ya yi abin mamaki a zamaninsa, kafin injin ya zo hannun kowa ya zauna ya gina jerin hannaye da lissafin kansa, nawa zaka kare in an sa maka rabin tsakiya, kashi biyu cikin uku, nawa in an sa cikakkiya, rabi, bulof nawa zaka haɗa da kaya nawa a fulof da kati na huɗu da na ƙarshe. Mai son ganin yadda ake gina abu daga ƙasa zai ji daɗinsa. Sai dai yana da nauyi, shafuka cike da jerin hannaye, kuma da injin ya zo ya nuna wasu wuraren ba haka bane, musamman yawan karewa a fulof lokacin da katin ƙasa ya fi dacewa da abokin wasa. Shi da kansa ya sake wani a 2017, No-Limit Hold'em for Advanced Players, bayan ya yi aiki da injin, kuma abin dariya duk da sunan ya fi na farkon sauƙin karatu. In dole sai Janda to na 2017.

Acevedo kuwa kamar ƙamus ɗin Larousse ne, ba wanda ke karanta Larousse daga A zuwa Z, buɗewa ake a duba a rufe. Ya haura shafi 400, farkonsa bayanin ka'ida ne mai kyau ƙwarai, sannan sai jadawali ya fara, murabba'i mai gida 13 a tsaye 13 a kwance, gida 169 na kowane irin hannu, kowane gida an raba shi da kala, wannan kaso ɗagawa wannan kaso bi wannan ajiyewa, kujera bayan kujera, zurfin jeto bayan zurfin jeto, mafi yawa na turnuwa. Abu biyu zan gaya maka da ba a faɗa. Na ɗaya, duk bayanin a kalar yake, na ga wanda aka yi masa fotokopi baƙi da fari a bakin jami'a, ja da kore duk sun koma toka ɗaya, mutumin yana riƙe da tulin takarda mai nauyin bulo da bata gaya masa komai, a ƙaramar waya ma sai ka ta ja da yatsa biyu kana neman gidan as da tara. Na biyu, jadawalin yana ɗauka abokanka ma daidai suke bugawa. Zai ce maka wannan hannun ka ɗaga kashi kaza ka bi kashi kaza, alhali a teburinka mutum huɗu sun riga sun shigo da bi kawai, yanayin da jadawalin bai ma san da shi ba. Wanda ya haddace shi ba tare da ya san dalili ba, ranar da tebur ya sauka daga layi bashi da abin kamawa. Bayan Brokos ne Acevedo ke zama mai amfani, lokacin in ka ga injin yana bulof da wani hannu zaka iya cewa af, saboda yana riƙe da katin da abokin wasa ke buƙata dan kuler ɗin ne.

The Mathematics of Poker na Bill Chen da Jerrod Ankenman, 2006, sai in ka yi bak C kuma kana kewar lissafin.

Akwai kuma wanda matsalarsa ba ilimi bace. Ya san komai, amma a ci shi da kati ɗaya a ƙarshe sai idonsa ya rufe, hannu biyar na gaba duk tapi. Wannan ko ya haddace Acevedo ba abin da zai canza, The Mental Game of Poker na Jared Tendler yake buƙata, 2011, shi ma da Barry Carter. Tendler da 'yan wasan golf ya fara aiki, ba gwanin kati bane, kuma bai ɓoye ba. Ya rarraba zafin kai gida bakwai, akwai na wanda ke jin an zalunce shi, akwai na wanda ya tsani faɗuwa, na mai jin haushin kuskurensa, na mai ganin shi ya cancanci ci saboda ya fi kowa iyawa, na ramuwa, har na wanda ya rikice yana son ya dawo da abin da ya rasa a daren. Na ramuwar nan a majalisa ya fi yawa, dan wanda ya bulof ɗinka ya nuna maka katin yana dariya gobe ma zaku haɗu a kasuwa. Littafin yana sa ka rubuta alamominka na farko, me kake ji kafin abin ya kwace, ka shirya maganar da zaka gaya wa kanka. Yana maimaita kansa a wasu wurare amma yana aiki. Na karatun jiki kuma, na Mike Caro na 1984 da dokarsa ta mai nuna ƙarfi rauni gare shi mai nuna rauni ƙarfi gare shi, da Reading Poker Tells na Zachary Elwood na 2012 wanda ya fi shi tsari, kayan ƙari ne, ka bari sai daga baya, mutanen da kuka shekara kuna wasa tare ka riga ka san wanda ke shiru in ya samu kaya.

Sai maganar harshe, wadda a wajenmu ita ce ke yanke hukunci sau da yawa. Kusan duka da Turancin Ingilishi suke. Wanda ya yi karatu a Yola ko Maiduguri ko ɓangaren Ingilishi bashi da damuwa, amma ɗan lise na Marwa ko Kusiri ko Njamena da Faransanci ya taso, kuma karanta lissafi a harshen da kake tuntuɓe a cikinsa wahala biyu ce. An fassara Harrington zuwa Faransanci, an fassara Tendler, akwai Poker Cadillac na François Montmirel wanda da Faransancin aka rubuta shi tun asali amma ya fi kusa da 'yan koyo, akwai Kill Elky, na turnuwa, mai ɗauke da sharhin Bertrand Grospellier, wanda ya fi Harrington zafin wasa kuma ya dace ya biyo bayansa. Ni dai gara ka karanta Harrington na biyu da harshen da kake ji sosai da ka yi ta kokawa da sabon littafi kana fahimtar rabi. Miller da Brokos kuwa in Ingilishinka na makaranta ne mai ɗan dama zaka iya, jimlolinsu gajeru ne, kalmomin wasan kuma 'yan Faransa ma aronsu suke yi.

Kuɗi kuma ka lissafa da Yuro, ɗaya sefa 656 ne baya motsi, littafin Yuro 30 ya kusa sefa 20,000 kenan kafin kuɗin kawowa, kuma mai kala irin na Acevedo ya fi tsada. Na waya ta Kindle yawanci ya fi sauƙi amma sai da katin banki, Brokos da Miller da Tendler suna karantuwa lafiya a waya tunda rubutu ne, Acevedo da Janda takarda suke so ko babban allo. Masu ɗan uwa da ke zuwa daga Faransa ko mai hawa jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare su suka fi samun sauƙi, in kuwa ku huɗu ne a majalisa ku haɗa kuɗi kowa ya sayi daban ku riƙa musanya, sai dai ka sani wanda ka ara wa Miller zai daina biyanka a katin ƙarshe.

In kuɗin littafi ɗaya gare ka kuma da mutane kake zama, The Course. In turnuwar abokai ce mai saurin bilayin, Harrington na biyu, ko da Faransanci. In ka riga kana cin teburinku kana son sanin me ya sa, ko ka fara haɗuwa da yaran da suka koya a YouTube suna ɗaga ka ba dalili, Brokos na ɗaya, kuma ka yi atisayen da biro. Acevedo ka bar shi sai ranar da ka gama Brokos ka ji kana tambayar to da jeton bilayin 25 a buto wane hannu zan buɗe, ranar ne kuɗinsa zai fita.